Babi na Huɗu: Nazarin Salon Alex Trebek a Shirin Jeopardy! da Gadon da Ya Bari

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda shirye-shiryen kacici-kacici suka samu gindin zama a gidajen talabijin na ƙasar Amurka. A wannan babi kuwa za a tsaya ne a kan mutum guda, wato Alex Trebek, wanda ya gabatar da shirin Jeopardy! tun daga shekara ta 1984 har zuwa mutuwarsa a shekara ta 2020. Da labarin mutuwarsa ya bazu, jama'a sun yi ta yabonsa a Amurka da Kanada. Sai dai yabon mamaci abu ne da aka saba da shi, don haka bai isa ya zama hujja ga mai nazari ba. Tambayar da wannan babi zai amsa ita ce: mene ne ainihin aikin da wannan mutum ya yi a gaban kyamara, ganin cewa ba shi ke tsara tambayoyin ba, ba shi ke amsa su ba, kuma amsoshin suna rubuce a takardar da ke gabansa?

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gwanintar Trebek ta ta'allaƙa ne a kan yadda ya ja da baya, ya bar wa wasan da 'yan takara fili, kuma ta wannan hanya ce ya samu amincewar masu kallo. Za a kuma dubi wuraren da ya kauce wa wannan salo da abin da ya biyo baya, sannan a auna gadon da ya bari.

4.1 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi George Alexander Trebek ranar 22 ga watan Yuli, 1940, a garin Sudbury da ke lardin Ontariyo a ƙasar Kanada. Mahaifinsa kuku ne wanda ya yi ƙaura daga Yukiren, mahaifiyarsa kuma 'yar Kanada ce daga cikin masu magana da Faransanci. Saboda haka ya tashi da harsuna biyu a bakinsa, Ingilishi da Faransanci, abin da ya yi masa amfani daga baya. Ya yi karatun falsafa a Jami'ar Otawa, inda ya kammala a shekara ta 1961, kuma a wannan shekarar ce ya kama aiki da gidan rediyo da talabijin na Kanada, wato CBC. A can ya karanta labarai, ya yi sharhin wasanni, sannan daga shekara ta 1966 ya shiga gabatar da Reach for the Top, wata gasar kacici-kacici tsakanin makarantun sakandare.

A shekara ta 1973 ya koma Amurka, inda ya gabatar da The Wizard of Odds a tashar NBC. Bayansa ya riƙe wasu shirye-shirye kamar High Rollers da Double Dare da Battlestars. Akasarin waɗannan ba su yi nisan kwana ba. Ke nan kafin ya zo Jeopardy! ya shafe shekaru 11 yana yawo daga wannan shiri zuwa wancan, ya kuma ga yadda ake rufe shiri da zarar masu kallo sun juya masa baya.

Shi shirin Jeopardy! ya girmi zuwan Trebek da shekaru 20. Merv Griffin ne ya ƙirƙiro shi, aka fara nuna shi ranar 30 ga watan Maris, 1964, Art Fleming yana gabatarwa. Ya tsaya a 1975, aka ɗan farfaɗo da shi tsakanin 1978 da 1979, ya sake tsayawa. Ranar 10 ga watan Satumba, 1984, aka dawo da shi da Trebek a matsayin mai gabatarwa, kuma shi ne furodusan shirin a shekaru uku na farko. Daga nan bai sake barin wurin ba. A watan Yuni na 2014 kundin Guinness ya tabbatar da shi a matsayin wanda ya fi kowa yawan gabatar da shirin gasa guda ɗaya, da fitowa 6,829. Kafin ya mutu adadin ya haura 8,200.

4.2 Zubi da Tsarin Shirin

Ba za a fahimci aikin mai gabatarwa ba sai an san tsarin abin da yake gabatarwa. 'Yan takara uku ne ke tsayawa gaban wani babban allo mai rukunai shida, kamar tarihi ko adabi ko kimiyya ko labarin ƙasa. A ƙarƙashin kowane rukuni akwai matashiya biyar, kowace da kuɗinta. Tun daga watan Nuwamba na 2001 kuɗin zagaye na farko yakan tashi daga dala 200 zuwa 1,000, na zagaye na biyu kuma daga 400 zuwa 2,000. Wanda ya amsa daidai a ƙara masa, wanda ya kuskure a cire masa daidai wannan kuɗi, har yakan iya komawa ƙasa da sifiri. A zagayen ƙarshe matashiya ɗaya ce tak. Kowa zai fara saka abin da ya ga dama daga cikin kuɗinsa, sannan a ba shi daƙiƙa 30 ya rubuta amsa. Wannan kasada ita ce ma'anar sunan shirin a Ingilishi.

Abin da ya bambanta shirin da sauran shi ne, an juya tsarin tambaya da amsa. Mai gabatarwa ne ke ba da bayani, ɗan takara kuma ya mayar da amsarsa cikin sigar tambaya. Alal misali, idan aka ce, "Wannan kogi ne ya ratsa birnin Alƙahira," ɗan takara zai ce, "Mene ne Nilu?" Wannan dabara tana da tarihi. A shekarun 1950 an gano cewa masu shirya wasu gasanni suna ba 'yan takarar da suke so amsoshi a asirce. Mafi shahara a cikinsu shi ne Charles Van Doren, malami a Jami'ar Kolombiya, wanda ya ci dala 129,000 a shirin Twenty-One, daga baya ya amsa laifinsa gaban wani kwamitin Majalisar Wakilai a watan Nuwamba na 1959. A 1960 aka yi dokar da ta mayar da irin wannan maguɗi laifi. Griffin ya bayyana cewa matarsa Julann ce ta kawo shawarar a riƙa ba da amsar a bainar jama'a, a bar 'yan takara su nemo tambayar.

Daga wannan bayani za a iya fitar da abubuwa biyu da suka shafi mai gabatarwa. Na farko, shirin ya fito ne daga cikin wani yanayi na rashin yarda, don haka babban jarinsa shi ne masu kallo su gamsu cewa babu coge. Na biyu, akwai matashiya 61 da ake son a karanta cikin kimanin minti 22, in an cire lokacin talla. Duk daƙiƙar da mai gabatarwa ya ɓata wajen raha ko nuna kansa, daga lokacin 'yan takara ya ɗebe ta, kuma takan sa lokaci ya ƙare alhali akwai sauran kuɗi a kan allo.

4.3 Salon Gabatarwarsa

4.3.1 Matsayin da Ya Zaɓa wa Kansa

A zamanin Art Fleming, mai sanarwa yakan gabatar da shi da sunan tauraron shirin. Trebek ya ƙi wannan laƙabi. A tsawon shekarunsa, mai sanarwa Johnny Gilbert yakan kira shi ne mai gabatar da shirin kawai, kuma shi da kansa ya sha faɗa cewa taurarin su ne 'yan takara da kuma tambayoyin. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin tawali'u na fatar baki, irin wanda mashahuran mutane kan yi. Amma idan aka kalli yadda shirin ke tafiya za a ga maganar ta yi daidai da aikin. Jawabinsa na buɗewa gajere ne. Ba ya zagaya dandamali, ba ya ihu idan an ci kuɗi mai yawa, ba ya kuma jan rai kafin ya faɗi sakamako. A yawancin lokacin wasa kyamara tana kan allo ne ko kan 'yan takara, shi kuwa muryarsa kaɗai ake ji.

An ga amfanin wannan a 2004. Bayan an soke ƙa'idar da ta hana mutum wuce nasara biyar a 2003, Ken Jennings ya yi nasara sau 74 a jere, ya tara sama da dala miliyan biyu da rabi. A waɗannan watanni Jennings ne ake magana a kansa a ko'ina. Trebek bai nuna alamar kishi da wannan ba, bai kuma fifita shi a kan sababbin 'yan takara biyu da ake kawowa kullum ba. Haka ya yi a watan Fabrairu na 2011 lokacin da kwamfutar Watson ta kamfanin IBM ta kara da Jennings da Brad Rutter ta kayar da su, haka kuma a 2019 lokacin da James Holzhauer ya ci dala 131,127 a wasa ɗaya.

4.3.2 Murya da Sarrafa Harshe

A nan ne za a ga cewa aikin ya wuce karanta takarda. Tun daga shekara ta biyu ta dawowar shirin aka kafa ƙa'idar cewa ɗan takara ba zai danna ƙararrawa ba sai mai gabatarwa ya gama karanta matashiya. Da zarar ya furta gaɓar ƙarshe, wani ma'aikaci zai kunna fitilun da ke gefen allo. Wanda ya riga fitilun dannawa, na'urarsa takan kulle na ɗan ƙanƙanin lokaci, abokan takararsa su riga shi. Tunda sau da yawa duk su ukun sun san amsar, wasan yakan koma ga wanda ya fi iya kama daidai lokacin da muryar za ta tsaya. Wato muryar mai gabatarwa ta zama wani ɓangare na kayan wasan. Idan ya yi sauri a nan ya yi jinkiri a can, ko ya yi tuntuɓe a kan wata kalma, ya cuci wani ba tare da ya sani ba. Trebek yakan yi karatu da kari guda, a natse, yana sauke murya a ƙarshen jimla ta yadda mai saurare zai san an zo gaɓar tsayawa. Adalcin wasan ya dogara a kan wannan daidaito.

Bugu da ƙari, ana ɗaukar shiri biyar ne a rana guda, wato matashiya sama da 300. Al'adarsa ita ce ya iso da sassafe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana duba ƙamus, yana sa alama a kan sunaye da kalmomin da furucinsu ke da wuya. Ya shahara da furta kalmomin wasu harsuna yadda masu harshen ke furta su, musamman na Faransanci. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin iyayi, har ya zama abin zolaya. Amma ta fuskar aiki yana da dalili, domin sunan da aka gurɓata furucinsa yana iya ɓatar da ɗan takarar da ya san shi.

4.3.3 Hukunci da Mu'amala da 'Yan Takara

Mai gabatar da wannan shiri yakan ce wa mutane sun yi kuskure sau da yawa a kowace fitowa, a gaban miliyoyin masu kallo. Trebek yakan yi haka da kalma ɗaya ko biyu, cikin murya mai nuna ɗan tausayi, ya wuce. Ba ya tsawaita kunyar mutum. Idan kuwa kowa ya kasa, yakan faɗi amsar, wani lokaci ya ƙara ɗan bayani na jimla guda. Inda hukunci ya yi wuya, akwai alƙalai a gefe, kuma idan sun gano an yi wa wani rashin adalci, shi ne ke sanar da gyaran bayan an dawo daga talla, a mayar wa mutum kuɗinsa.

Akwai kuma ɗan lokacin da ake warewa don ya tattauna da kowane ɗan takara a kan rayuwarsa. A nan ne aka fi zarginsa da sanyin jiki ko rashin sakin fuska. Ya kamata a lura cewa saboda tsare shirin daga zargin maguɗi, ba a haɗa shi da 'yan takara kafin a fara ɗauka. Ke nan da baƙi yake magana, kuma baƙin da yake alƙalanci a tsakaninsu. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma alƙalin da ya cika shimfiɗa fuska ga ɓangare ɗaya ya jawo wa kansa zargi. Tazarar da ya riƙe wani sashe ne na amanar da ke wuyansa. Waɗanda suka halarci ɗakin ɗaukar shirin sun san wata fuskar tasa, domin a lokacin hutun talla yakan amsa tambayoyin 'yan kallo cikin raha.

4.4 Raunin Salon da Sukar da Aka Yi Masa

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Suka ta farko da aka daɗe ana yi wa Trebek ita ce, iliminsa na aro ne. Yakan faɗi amsar da ta gagari kowa da wata irin murya kamar ya san ta tun fil azal, alhali a takarda ya gani. Wannan siffa ce ɗan wasan barkwanci Will Ferrell ya riƙa kwaikwaya a shirin Saturday Night Live daga 1996, inda ya fito da shi a matsayin malamin da daƙiƙancin ɗalibansa ya ishe shi. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, domin kayan aro ba ya rufe katara. A watan Fabrairu na 2018, da aka kawo rukuni a kan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, 'yan takara uku suka kasa taɓa ko ɗaya daga cikin matashiya biyar, ya yi ta zolayarsu. Abin ya ba da dariya, amma dariya ce ta wanda amsa ke hannunsa. Sai dai kuma shi da kansa bai ɓoye cewa ba zai iya karawa da ƙwararrun 'yan takara ba, kuma abin da aikin ke buƙata a wurinsa shi ne ya girmama ilimin da ake gwadawa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wato wuraren da harshensa ya yi kaifi fiye da kima. A 2013, a makon gasar yara, wani yaro ɗan shekara 12 ya rubuta sunan sanarwar 'yanta bayi ta Shugaba Abraham Lincoln, amma ya ƙara harafi ɗaya. Ƙa'idar shirin ita ce ana yafe kuskuren rubutu matuƙar bai sauya furucin kalma ba, kuma alƙalai suka ga wannan ya sauya. Hukuncin yana kan ƙa'ida, bai kuma hana yaron komai ba, domin wanda ke kan gaba ya yi masa nisa. Amma yadda Trebek ya faɗa wa yaro ƙarami cewa ya ɓata rubutun ƙwarai ya harzuƙa masu kallo da dama. Haka kuma a 2016, da wata 'yar takara ta yi bayanin irin waƙoƙin da take sauraro da irin mutanen da ke son su, sai ya taƙaita maganarta da kiran mutanen marasa tashe. Raha ya nufa, amma ya yi ta ne da wadda ba ta da ikon ramawa.

Misali mafi bayyana ya faru ne a wajen shirin. Ranar 1 ga watan Oktoba, 2018, aka gayyace shi ya jagoranci muhawara tsakanin 'yan takarar gwamnan jihar Pennsylvania, Tom Wolf da Scott Wagner. Ya cinye kaso mai yawa na lokacin yana ba da labarai da ra'ayoyinsa, har wasu daga cikin mahalarta suka yi masa ihu, daga baya ya fito ya nemi afuwa. Wannan ya nuna cewa kame kan da aka san shi da shi ba ɗabi'a ce kawai da aka haife shi da ita ba. Horo ne da tsarin shirin ya ɗora masa, shi kuma ya karɓa. Idan aka duba waɗannan misalai za a ga abu ɗaya ya haɗa su: duk inda aka soke shi, wuri ne da ya matso gaba ya tare filin da ya saba bar wa wasu.

4.5 Rashin Lafiya da Shirye-shiryen Ƙarshe

Ranar 6 ga watan Maris, 2019, Trebek ya fito a wani gajeren bidiyo ya sanar cewa likitoci sun gano yana da ciwon daji a fankiriyas, wato sashen da ke bayan tumbi mai samar da sinadarin insulin, kuma ciwon ya kai mataki na huɗu. Ya yi sanarwar ne tsaye a dandamalin shirin, da muryar da ya saba karanta matashiya, ya kuma rufe da raha cewa dole ya rayu tunda saura shekara uku a kwantiraginsa. Bayan shekara guda ya sake fitowa ya ce kashi 18 cikin ɗari ne na masu irin wannan ciwo ke kai shekara, bai kuma ɓoye raɗaɗi da baƙin cikin da ya sha fama da su ba.

Abin lura ga wannan nazari shi ne, bai mayar da shirin dandalin jinyarsa ba. Bayanan rashin lafiyarsa akasari a wajen wasan ya yi su. A watan Nuwamba na 2019 wani ɗan takara da bai san amsar zagayen ƙarshe ba ya rubuta cewa suna ƙaunar Alex, ya rasa kusan duk kuɗinsa. Muryar Trebek ta yi rawa, ya yi godiya, ya faɗi abin da ya rage wa ɗan takarar, wato dala 5, ya wuce ga na gaba. Ya ɗauki shirinsa na ƙarshe ranar 29 ga watan Oktoba, 2020, ya mutu a gidansa da ke Los Angeles ranar 8 ga watan Nuwamba, kwana goma bayan haka, yana da shekara 80. An nuna wannan shiri ranar 8 ga watan Janairu, 2021.

4.6 Gadon da Ya Bari

Akwai gadon da ake iya lissafawa. Ya samu kyautar Emmy ta gwarzon mai gabatar da shirin gasa sau takwas, ta ƙarshe bayan mutuwarsa. Ya jagoranci gasar labarin ƙasa ta 'yan makaranta ta National Geographic na tsawon shekara 25. Ya ba Jami'ar Otawa gudummawar miliyoyin daloli. A 2021 aka sa wa ɗakin da ake ɗaukar shirin sunansa, a 2024 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki don tunawa da shi. Har ila yau, 'yan kwanaki kafin mutuwarsa an nuna wani ɗan takara yana hawaye yana gaya masa cewa a cinyar kakansa ya koyi Ingilishi, suna kallon shirin tare.

Amma gadon da ya fi shafar wannan babi ya bayyana ne a rikicin neman magajinsa. A 2021 aka gwada mutane 16 ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da 'yan jarida da ɗan wasan ƙwallo da 'yan wasan kwaikwayo. Ranar 11 ga watan Agusta aka sanar cewa Mike Richards, wanda shi ne babban furodusan shirin, shi zai gaji kujerar. Masu kallo da yawa suka ga kamar mai shirya jarrabawa ne ya ba kansa na ɗaya. Da aka tono wasu maganganun cin mutunci da ya taɓa yi a wani shirin sauti na intanet, sai ya sauka ranar 20 ga watan, bayan ya ɗauki shirin rana ɗaya kacal, kuma kafin ƙarshen watan aka raba shi da muƙamin furodusa. Daga nan Ken Jennings da Mayim Bialik suka riƙa karɓa-karɓa, har zuwa watan Disamba na 2023 da aka bar wa Jennings shi kaɗai.

Ana iya karanta wannan ta fuska biyu. Ta fuska ɗaya, ya nuna cewa mai gabatarwa yana da muhimmanci fiye da yadda Trebek ya yarda ya faɗa, domin shirin da aka gina a kan amana ba zai ɗauki mai gabatarwar da ake shakkar yadda ya samu kujerarsa ba. Ta ɗaya fuskar kuma, ya gaskata maganar Trebek. A tsakiyar wannan ruɗani ne Matt Amodio ya yi nasara sau 38 a jere a ƙarƙashin masu gabatarwa daban-daban, sannan Amy Schneider ta yi sau 40, masu kallo kuma suka bi su. Fuskokin biyu ba su saɓa wa juna ba. Wasan da 'yan takara ne ke jawo masu kallo, mai gabatarwa kuma shi ne ke sa su yarda da abin da suke kallo. Ba abin mamaki ba ne da kujerar ta ƙare a hannun tsohon ɗan takara, wanda ya tsaya sau 75 a jere yana sauraren inda muryar Trebek za ta sauka.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an dubi tarihin Alex Trebek da tsarin shirin Jeopardy!, an kuma nazarci salonsa ta fuskar matsayin da ya zaɓa wa kansa, da sarrafa murya, da yanke hukunci. An ga cewa tarihin shirin da ƙarancin lokacinsa da ƙa'idar danna ƙararrawa duk suna buƙatar mai gabatarwa mai kame kai, kuma Trebek ya cika wannan buƙata na tsawon shekara 36. An kuma kawo wuraren da ya gaza, aka nuna cewa sun faru ne a lokutan da ya saki wannan salo. Daga ƙarshe an nuna cewa abin da ya faru a 2021 ya tabbatar da cewa ya bar ma'aunin da masu kallo ke auna duk wanda ya tsaya a wurinsa. Babi na gaba zai kawo jawabin kammalawa da shawarwari.